Wani ɗan fatishan na 500MB ya fito min bayan na ɗora Windows, in goge shi?

Abba99:
Slm jama'a. Jiya na yi wa laftof ɗina fomatin na ɗora Windows 10, kuma ni da hannuna na bar diskin guda ban raba shi ba, amma da na shiga Disk Management sai ga wani ɗan yanki wai System Reserved, wajen 500MB, ba shi da harafi irin C ko D, a This PC ma ba ya fitowa. Bairos ne ko meye? In goge shi in haɗa da C?

Malam_Injiniya:
Kai Abba rufa wa kanka asiri, kar ka taɓa shi. Ba bairos ba ne, Windows ɗin da kansa ke yankar wurin lokacin ɗorawa. In ka danna maɓallin kunnawa ai ba C kwamfuta ke fara shiga ba, wannan ɗan yankin take fara nema, a ciki Boot Manager yake da fayil ɗin BCD mai gaya mata ga inda Windows yake je ki taso shi. Sai kuma BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan diski don tsaro, in ya kulle C gaba ɗaya to dole a samu wani wuri a buɗe da za a fara tashi daga nan, in ba haka ba ka kulle ɗaki makulli na ciki kenan. Tun Windows 7 ake yinsa, lokacin 100MB ne, a Windows 8 ya koma 350MB. Hana shi harafi da aka yi ma saboda masu ƙaiƙayin hannu ne irinka, ba zagi ba.

Ummi_K:
Wlh ni na ɗanɗana. Na sa SSD sabo na ɗora Windows alhali tsohon diskin yana jone, ashe a tsohon Windows ya bar kayan tashin, ranar da na cire tsohon sai baƙin allo kawai, Windows na nan lafiya lau a SSD amma ba mai taso shi. Sai da na nemo filashin ɗora Windows na gyara da bcdboot, umarnin da ke mayar da kayan tashin. Yanzu in zan ɗora, diski ɗaya kawai nake bari a ciki.

Sadiq_PC:
Ƙarin bayani kan na Malam, ganin sunan System Reserved na nufin diskinka MBR ne, wato tsohon tsarin raba diski. Masu sabon tsari, GPT da UEFI, nasu uku ne: EFI mai 100MB inda kayan tashin suke, MSR mai 16MB da Windows ke ajiye wa kansa wanda Disk Management ba ya ma nuna shi, sai Recovery na gyara in Windows ya ƙi tashi. Shi ma Recovery ɗin ba abin rainawa ba ne, a Janairun 2024 wani ofdet na Windows 10 ya dinga ƙin shiga wa mutane da 0x80070643 don wurin ya yi kaɗan.

Abba99:
Ngd sosai. To ni da ba na amfani da BitLocker fa, ba yadda za a yi in ɗora babu shi?

Malam_Injiniya:
A MBR zai yiwu, in ka riga ka yanka fatishan ɗaya da ya cinye diskin duka da diskpart, umarnin raba diski, kafin ɗorawa, sai Windows ya zuba kayan tashin cikin C. A UEFI kam EFI dole ne. Amma fa sake ɗora Windows za ka yi tun daga farko saboda rabin giga, ni dai ba zan yi ba.