Yaya mutum zai san Allah sani na kusa, ba sanin shanu ba?

Ɗan Fari, Malumfashi:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. An haife ni a gidan masu bi, an yi mini baftisma ina ɗan shekara 16, kuma ba na fashin sujadar Lahadi, amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da fastonmu ya ce bangaskiyar Kirista zumunci ce tsakanin mutum da Allah, sai in ga sanin da na yi wa Allah sanin shanu ne, domin na haddace ayoyi, na san labarinsa, amma shi kansa ban san shi ba. Ni ɗan fari ne, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba saboda kunya, ba mu kuma taɓa zama mun yi hira ba, saboda haka idan na kira Allah Uba cikin addu'a, abin da yake zuwa raina shi ne mutumin da ake gaisarwa a durƙushe a tashi. Shin neman kusanci da Mahalicci ba zai zama raini ba?

Dattijo, Wusasa:
Ɗana, tambayarka ta mai hankali ce. A Yohanna 17:3 Yesu ya ce rai madawwami shi ne sanin Allah makaɗaici na gaskiya da Almasihu wanda ya aiko, kuma sani a harshen Littafi Mai Tsarki ya wuce jin labari, tun da kalmar ce aka yi amfani da ita a Farawa 4:1 kan Adamu da matarsa. Da dabararmu ce za ta kai mu gare shi, da lalle raini ne, amma shi ne ya sauko. Sa'ad da Filibus, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, ya roƙa a nuna musu Uban, amsar da ya samu ita ce duk wanda ya ga Yesu ya ga Uban.

Game da ladabi kuwa, Musan da aka umarta ya tuɓe takalmansa a gaban kurmi mai cin wuta, shi ne kuma Fitowa 33:11 ta ce Ubangiji yakan yi magana da shi kamar yadda mutum yake yi da abokinsa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, fassarar wani ɗan mishan, Likita Miller, da abokan aikinsa, saboda haka ka ɗauki Bisharar Yohanna, surori 21 ne a cikinta, ka karanta ɗaya kowace rana, kana tambayar kanka wane irin hali Yesu ya nuna a ciki.

Maman Zumunta, Kafanchan:
Ɗana, kunyar mahaifinka ba rashin ƙauna ba ce, mu iyaye mun san haka, amma na fahimci abin da ka rasa. Ka duba Yohanna 10:3, inda makiyayi yake kiran tumakinsa kowace da sunanta, domin Uban da kake nema ba ya jin nauyin sunanka. Ni kam na shekara talatin a mawaƙan Zumuntar Mata, amma sai da maigidana ya rasu na koyi gaya wa Allah gaskiyar zuciyata, har da fushin da nake yi da shi, bayan da na ga marubucin Zabura 13 yana tambayarsa har yaushe zai manta da shi. Akwai watannin da na yi addu'a ban ji kome ba, don haka kada ka auna kusancinsa da abin da jikinka yake ji.

Malamin Makarantar Lahadi, Maraɗi:
Na yarda da Baba da Mama, sai dai in ƙara gargaɗi, domin wasu sun mai da wannan zumunci hujjar barin ikilisiya, suna cewa "Allah ya faɗa mini" kan abin da ya saɓa wa Maganarsa. Ma'aunin da 1 Yohanna 2:3 ta bayar shi ne kiyaye umarnansa, sura 4 aya 20 kuma ta ƙaryata mai cewa yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa.

Ɗan Fari, Malumfashi:
Na gode ƙwarai, iyayena, zan fara sura ta farko yau da dare. Mama, a waɗannan watannin da ba ki ji kome ba, me kike faɗa masa idan kin durƙusa?