Karena yana firgita da mutane a hanya: yaya zan hore shi, me kuma zan roƙi maƙwabta?

Mai Lambu (Garwa):

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da lambun albasa a bakin Binuwai, kuma shekara guda ke nan da na karɓi wani baƙin kare, muna ce masa Duna, domin ya taya ni tsaron lambun daga awaki da masu shiga da dare. Wanda ya ba ni shi ya ɗaure shi da sarƙa a bayan gida tun yana ɗan kwikwiyo, bai taɓa leƙa waje ba sai ranar da na je ɗaukarsa. A lambu ba ni da abin cewa a kansa, yana jin kira, yana kwanciya kusa da injin ban-ruwa, yarana ma suna zama gefensa ko kai ba ya ɗagawa. Matsalar tana kan hanya. Daga gidana zuwa lambu dole mu bi ta wani lungu mai makarantar allo, sannan mu tsallaka titin da babura ke wucewa, kuma da zarar mun shiga lungun sai ya koma kamar ba shi ba. Zai matse wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya manne da ƙafata har ina tuntuɓe da shi, idan kuwa yaro ya matso sai ya zabura yana haushi yana fizgar igiya. Yaran sun gane halinsa, wasu suna yi masa ihu, wasu suna jifansa daga nesa.

An ba ni shawara in riƙa dukansa duk lokacin da ya yi gurnani. Na yi haka kusan wata biyu da tsumagiya, gurnanin kuwa ya ɗauke. Amma ranar Talatar da ta wuce wani almajiri ya zo wucewa ta gefenmu da robarsa a hannu, Duna bai ce uffan ba sai kawai ya kai masa cafka. Allah ya kiyaye, haƙoransa suka tsaya a gefen rigar yaron ta yage. Na ba malaminsu haƙuri na biya kuɗin riga, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin kare mai shekara biyu yana gyaruwa? Kuma me ya dace in roƙi mutanen unguwa su yi, ba tare da sun ga kamar na fifita dabba a kan 'ya'yansu ba?

Likitan Dabbobi (Marwa):

Wa alaikumus salam, Malam. Duk alamomin da ka lissafa, daga matse wutsiya zuwa mannewa da ƙafarka, alamomin tsoro ne. Ɗan kwikwiyo yana koyon abin da zai amince da shi ne tsakanin mako 3 zuwa kusan mako 12 da haihuwa, kuma abin da bai saba da shi ba a wannan ɗan lokaci, ko yara ne ko ƙarar babur, yakan girma yana ɗaukarsa a matsayin haɗari. Karenka ya yi waɗannan makonni a kan sarƙa, da ya fito kuma abin da ya fara gani daga yara shi ne dutse. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi kuwa igiya ta hana shi gudu, saboda haka ya koma haushi da zabura, kuma duk ranar da ya yi hakan yaro ya ja da baya sai ya ƙara tabbata cewa dabarar tana aiki.

Batun duka shi ne ya fi damuna. Kare yana da matakai kafin ya ciji mutum: ya lashe hanci, ya yi hamma ba don barci ba, ya kau da kai har ka hango farin idonsa, ya ƙame wuri ɗaya, ya yi gurnani, sannan ya kai baki. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ba shi wuri. Da ka dake shi a kan gurnani tsoron yana nan inda yake, gargaɗin kawai ka cire, shi ya sa ya tsallake kai tsaye zuwa cafka a kan yaron nan. Ina roƙonka ka ajiye tsumagiyar daga yau.

Ga yadda ake yin horon. Ka nemo tazarar da yake iya hango yara ba tare da ya rikice ba, ko da taku hamsin ce. Alamarta mai sauƙi ce: idan ka miƙa masa abinci ya karɓa, tazarar ta yi, idan ya ƙi karɓa to kun matsa da yawa, ka koma baya. Ka yanka dafaffiyar hanta ko nama ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ka fita da shi kafin ya ci abincin safe. Da zarar ya ga yaro ka ba shi yanka ɗaya, ka ci gaba da ba shi muddin yaron yana wurin, yaro na ɓacewa kai ma ka rufe hannu. Minti biyar zuwa goma a rana ya isa. Ranar da ka ga ya hango yaro ya juyo yana kallon hannunka, to fahimtarsa ta fara sauyawa, sai ka rage tazarar da taku biyu ko uku, ba fiye ba. Kada ka haɗa yara da babura a zama ɗaya, kowanne da nasa lokacin. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni, kuma jifa ɗaya na iya mayar da ku baya, don haka a wannan tsakanin ka canza hanya ko ka fita kafin yara su fito.

Kafin komai ka sama masa takunkumi mai siffar kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma a zafin Garwa na watan Maris da Afirilu, lokacin da ake wuce digiri 40, ɗaure masa baki da tsumma na iya kashe shi. Ka saba masa da takunkumin a gida ta hanyar sa nama a cikinsa har ya riƙa cusa hancinsa da kansa. Tun da kuma lambun albasa gare ka, ka sani albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya, kada a riƙa zuba masa ragowar miya mai yawan albasa.

Amsar tambayarka ita ce yana gyaruwa, amma kada ka sa rai zai zama karen da kowa zai shafa. Abin da ake nema shi ne ya wuce mutane cikin natsuwa.

Uwar Yara (Kusiri):

Likita, na karanta bayaninka kuma na ƙaru, amma ina so a dubi ɗaya gefen. Shekara uku da suka wuce karen wani maƙwabcinmu ya ciji ɗana a ƙafa yana dawowa daga aike, yana da shekara bakwai, kuma bai jefe shi ba, bai ma lura da shi ba. Da muka tambayi takardar rigakafi mai karen ya ce bai taɓa yi masa allura ba. Ni na san abin da na ji a zuciyata a kwanakin da muka yi muna kai yaron ana yi masa allurai, domin ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Saboda haka, Malam Mai Lambu, kafin ka roƙi unguwa komai ka fara sauke naka nauyin. Ba ka faɗa mana ko an yi wa Duna rigakafi ba. Idan ba a yi ba, wannan shi ne aikin gobe da safe, kuma ka ajiye takardar inda za ka iya nuna wa kowa. Ka kuma koma ka duba jikin almajirin nan da idonka, domin yaro yana iya ɓoye ƙarcewa don tsoron faɗa. Idan haƙori ya taɓa fata, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar, ku a Garwa ma kuna da reshen Cibiyar Pasteur mai binciken cututtuka. Na yarda jifan dabba zalunci ne, kuma ina hana nawa 'ya'yan. Amma hanya ta kowa ce, yaro kuma ba ya da hankalin da zai karanta kunnen kare ko wutsiyarsa. Wanda ya riƙe igiya shi ne babba a wurin.

Tsohon Mafarauci (Ngaundere):

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma abin da Likita ya ce na gan shi da idona tun kafin in san yana da suna a boko. Na yi shekaru ina kiwon karnukan farauta, kuma a cikinsu wanda aka fi duka shi ne wanda ba a iya dogara da shi a daji. Shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ranar farauta.

Ɗana, ka kula da hannunka. Idan ka hango yara ka ɗaure fuska ka taƙaita igiya har ta shaƙe shi, tsoronka yana bin igiyar nan ya sauka a wuyansa, sai ya ce lallai akwai abin tsoro. Ka sassauta igiyar, ka sa jikinka tsakaninsa da mutane, ka yi masa magana da muryar da kake yi masa a lambu. Idan lungu ya matse, babu kunya a juyawa a koma.

Abin da za ka koya wa yaran kuwa kaɗan ne. Kada su zuba masa ido, domin a wurin kare ƙura ido neman faɗa ne. Kada su zo masa ta baya ko su sunkuyo a kansa ko su miƙa hannu saman kansa. Idan kare ya nufo su kada su ruga, gudu yana tayar masa da halin bin abin farauta, su tsaya cik kamar turmi, hannuwa a jiki, su juya gefe har ya shinshina ya wuce. Kada kuma a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana kan 'ya'yanta. Manya ma suna buƙatar wannan, domin sau da yawa na ga babban mutum ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse alhali karen ko kallonsa bai yi ba.

Malamin Islamiyya (Njamena):

Ina ganin ƙofar maganarka da unguwa ita ce malamin makarantar allon, kuma kana da hujjar da zai saurara. Shari'a ta halatta riƙe kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, naka kuwa na tsaron lambu ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar, wanda ke nuna horar da kare abu ne sananne. Hadisi ingantacce ya zo da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuma, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa. Wanda ba ya son kusantar kare yana da damarsa, amma babu inda aka ba shi izinin jifansa.

Ka je wurin malamin da girmamawa, da takardar rigakafi a hannunka, ka ce ka zo neman taimakonsa ne domin kare yaransa. A nan Njamena an yi gangamin yi wa karnuka rigakafin ciwon haukan kare a 2012 da 2013, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari, cutar ta ja baya ƙwarai a birnin, kuma abin da na lura da shi a lokacin shi ne mutane suna ba da haɗin kai idan masu unguwa da malamai suka yi musu bayani. A wasu ƙasashen Turai kamar Ingila ana ɗaura ƙyalle rawaya a igiyar kare mai firgita domin masu wucewa su ba shi wuri. Babu wanda ya san wannan alamar a lungunku, amma idan malam ya faɗa wa almajiransa ma'anarta sau ɗaya, ta zama sananniya.

Mai Lambu (Garwa):

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin gaskiya ba a taɓa yi masa allurar ba. Washegari na kai shi ofishin likitan dabbobi aka yi masa, aka ba ni takarda, aka ce in dawo da shi baɗi. Na kuma je makarantar muka duba yaron tare da malaminsa, babu ko ƙwarzane a jikinsa, alhamdu lillahi. Malamin ya karɓe ni da mutunci, ya tara yaran bayan karatun yamma, na maimaita musu abin da Baba Mafarauci ya faɗa, ya kuma ce duk wanda ya sake jifa da shi zai yi.

Yanzu muna fita bayan sallar asuba ta hanyar bayan kasuwa. Horon kuma muna yin sa a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke nesa da bakin lungun, taku sittin da ɗoriya, domin a taku arba'in ya ƙi karɓar hantar. Kwana tara ke nan. Jiya yara biyu suka wuce da tulun ruwa, ya ƙame yana kallonsu, ina jin igiyar tana rawa a hannuna, can sai ya juyo ya ɗora haɓarsa a kan gwiwata yana jiran nama. Takunkumin ne har yanzu bai yarda in ɗaure masa maɗaurin ba, yana dai cusa hancinsa ya ci ya fitar. Likita, kwana nawa ya kamata in ƙara a haka kafin in gwada ɗaurewa?