Warin fetur da sankarar jini: da gaske ne?

Maman Walida:
Assalamu alaikum. 'Yan mata sun yi yawa a gidajen mai na Gombe, wasu tun safe har dare suna kan famfo. Wai da gaske warin fetur na jawo sankarar jini? Waɗanne sana'o'in mata ne kuma ke da irin wannan haɗari?

Malam Likita:
Wa alaikumus salam, Maman Walida. Da gaske ne. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa shi a rukuni na 1, wato tabbas yana jawo sankara. Ta numfashi ya fi shiga, ya taɓa ɓargo inda jini ke samuwa, kuma sai an yi shekaru ana shaƙa. Tururin ya fi tashi lokacin da tanka ke sauke mai, da tsakar rana a zafin Maris da Afrilu. Mai aiki a kan famfo ta tsaya iska na bugun bayanta, kada ta sunkuya bakin tanki. Hijabin da mai ya zuba wa a cire shi nan take. Wanke hannu da fetur kuwa a daina. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare tururi, sai mai matacin gawayi.

Sista:
Kada a manta da matan asibiti. Fomalin na ɗakin gwaje-gwaje shi ma rukuni na 1 ne, a rufe kwalba a buɗe taga. Mai haɗa maganin sankara ta sa safar hannu biyu. A ɗakin hoton X-ray, rigar dalma da bajon auna radiyeshan dole ne: iyakar radiyeshan ga ma'aikaciya milisibat (ma'auninsa) 20 a shekara, ɗan tayi 1 kacal. Da ta san tana da ciki ta faɗa, kunya ba tata ba ce a nan.

Malamar Gona:
Sankarar kaluluwa kuma an fi danganta ta da magungunan feshi. A 2015 IARC ta tabbatar maganin ƙwari lindan, wato Gammalin, yana jawo ta. Gilifoset na ciyawa ta ce mai yiwuwa ne. Masu tsintar wake a kasuwar Tudun Hatsi da masu wanke kayan feshi su sa safar roba. Buhun PICS, wanda iska ba ta shiga, yana adana wake ba magani.

Malam Likita:
Haka ne, Malama. Yawan kasala, haɓo, jinin dasashi, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, gumin dare, ko kaluluwa marar zafi da ta wuce sati 3 ba ta sauka ba: a je a yi cikakken awon jini, a kuma faɗa wa likita sana'ar da ake yi da shekarun da aka yi a kai. Asibitin Koyarwa na Tarayya na nan Gombe yana da sashen cututtukan jini.