Wai waya ta kashe gidan kallon bal?

Sani Agege: Salam jama'a. Ni fa na faɗa zan kuma faɗa, gidan kallon bal ya mutu saura jana'iza. Jiya goslo ya riƙe mu a gadar Third Mainland, ina cikin danfo na kalli wasan Arsenal tun daga take har tashi a wayata, ba zafi ba cunkoso ba mai taka min ƙafa

Mai Tumatir Mile 12: Sani ka ji tsoron Allah, data ta nawa ka ƙona? Tun da hukumar sadarwa NCC ta yarda a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 ni ko bidiyon biki aka turo sai na yi shawara da aljihuna kafin in buɗe

Bala Idi-Araba: To ga mamacin nan ya zo da kansa, ni ne mai gidan kallon. Ƙanena bari in tuna maka wasan mu da Afirka ta Kudu a Fabrairun 2024, Osimhen ya jefa ƙwallo gida ya ɗauki ihu, alƙali ya je ya duba VAR ya soke ta ya ba su fenariti, wlh mu mun gama murna mun koma salati sai ga wani yaro a bakin ƙofa da waya a hannu yana tsalle wai biyu da nema. Tasa ta maƙale tun ɗazu bai sani ba. Har golan mu Nwabali ya tare biyu a bugun ƙarshe yaron nan yana baya yana bin mu kamar jela

Injiniya Ikeja: Yaya Bala ya yi gsky a nan, kuma ba laifin wayar yaron ba ne kawai. Bidiyon intanet gunduwa-gunduwa ake turo shi, sai waya ta tara 'yan daƙiƙu a ajiye kafin ta nuna maka, shi ya sa ko netwok na da kyau kana bayan mai dish da rabin minti ko fiye. In netwok ya yi rauni kuma sai ta rage kyan hoto da kanta. Matsalar bal ita ce kyamara daga nesa take ɗauko fili, to a ƙaramin gilashi ƙwallon sai ta koma kamar ƙwayar gero, kana ganin mutane na gudu ba ka ganin me suke bi. Amma dambe fa? Dambe a waya ras yake, mutum biyu ne kyamara na kansu, ko hoton ya dushe za ka ga wanda ya sha ƙasa

Sani Agege: Ai 5G ta zo, MTN ta kunna a Legas tun 2022

Injiniya Ikeja: Ta zo, wayarka na ɗauka? Rabin wayoyin da ake kawo min gyara a Computer Village 4G ce iyakarsu. Kuma ku daina danna link ɗin banza na kallo kyauta dan Allah, talla goma kafin ka ga ɗan wasa ɗaya, ƙarshe a kawo min waya ta yi zafi kamar dutsen guga

Baba Maigadi Lekki: Ku yara kuna magana kamar kowa na da ƙafar zuwa gidan kallo. Ni in na bar get ɗin nan minti goma aikina ya tafi. Ko tana baya da minti biyar ina ruwana, wa zai yi min ihu a nan, unguwar da ko maƙwabci ba ka sani ba

Maman Hanif: Allah ya saka Baba. Mu mata fa wa ya taɓa ajiye mana benci? Wasan ƙarshe na Super Falcons da Maroko a Yulin 2025 a waya na kalla an ɗauke wuta, an ci mu biyu na kife wayar na ce shikenan, da na dawo daga kwantar da yara na tarar biyu da biyu, muka ci uku da biyu kofi na goma. Malam Bala kai ka ma nuna wasan?

Bala Idi-Araba: Hajiya na nuna mana, mutum bakwai suka zo

Baba Maigadi Lekki: Kuma Bala faɗa musu abin da ke faruwa in ruwan Legas ya sauko, dish ya ɗauke, duk gidan a taru a kan wayar mutum ɗaya ana leƙe ta saman kafaɗa

Bala Idi-Araba: Baba kai ma da tonon silili. Wannan sau nawa ne a shekara

Baba Maigadi Lekki: Daga Afrilu zuwa Oktoba

Mai Tumatir Mile 12: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. Sani data ta nawa?

Sani Agege: Gsky ban sani ba Alhaji, wani Bayarabe ne kusa da ni ya kunna min hotspot, shi ma ɗan Arsenal ne batirinsa ya kusa mutuwa, shi da data ni da caji muka haɗa kai

Mai Tumatir Mile 12: Au, ashe gidan kallo kuka buɗe a danfo. Bala je ka karɓi kuɗin benci