Ɓera bai daina haihuwa ba, amma ƙari ya fito a hanta: yaya ake fassara wannan?

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Rahoton wani maganin ƙwari ya ce ba a ga illa ga haihuwar ɓeraye ba, amma an sami ƙari a hantar ƙananan ɓeraye (mice) maza a rukunin da ya sha mafi yawa. Tambayata biyu. Idan ɓeraye sun ci gaba da haihuwa, shi ke nan sinadarin ba ya taɓa haihuwa? Shi kuma ƙarin da ya fito a rukuni ɗaya tak, ya isa a ce abu yana jawo ciwon daji?

Mai_duba_nama:
Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ta biyun. Kafin ki dubi sakamako, dubi tsarin gwajin. Ƙa'idar gwajin ciwon daji ta OECD (ƙungiyar ƙasashe mai tsara ƙa'idojin gwajin sinadarai) mai lamba 451 ta ce rukuni uku ne aƙalla masu shan sinadarin, da rukunin kwatance da ba a ba shi komai, kowane rukuni maza 50 mata 50. Dabbobi 400 ke nan a nau'in dabba ɗaya, kuma galibi ana yi da nau'i biyu, babban ɓera (rat) da ƙarami (mouse). Ana farawa kafin su cika mako 8, a ci gaba har wata 24, wato kusan duk rayuwarsu. Ana auna nauyinsu kowane mako a makonni 13 na farko, daga nan wata-wata, ana kuma shafa jikinsu da hannu don a rubuta ranar da kowane kumburi ya fara bayyana.

Inda rigimar take shi ne awo mafi girma, wato adadin sinadarin da ake ba rukuni na sama. Ana tsayar da shi ne daga gwajin kwana 90 da ya gabata, a nemi adadin da zai rage ƙaruwar nauyi da kusan kashi 10 cikin 100 ba tare da ya kashe dabbar ba. Idan an yi ƙasa, gwajin ba shi da ƙarfin gano komai. Idan an zarce, hanta za ta yi ta mutuwa tana sake tsirowa, kuma wannan yawan rarrabuwar ƙwayoyin shi kaɗai kan haifar da ƙari, a adadin da mutum ba zai taɓa kusanta ba. Saboda haka ki duba nauyin wancan rukunin da yawan waɗanda suka mutu kafin lokaci.

Sai nau'in ɓeran. Mazan ƙaramin ɓera nau'in B6C3F1 sun shahara da ƙarin hanta ko ba a ba su komai ba, kamar yadda matan babban ɓera nau'in Sprague-Dawley suke da ƙarin nono, nau'in F344 kuma da sankarar jini da ƙarin maraina. Ba a kwatanta rukunin da sifili, da rukunin kwatance ake kwatanta shi, a kuma duba alƙaluman kwatance na wannan ɗakin gwajin a shekarun baya-bayan nan. Abin da ke sa masana su ɗauki lamari da muhimmanci: ƙarin yana ƙaruwa daga awo zuwa awo, ya fito a maza da mata ko a nau'in dabba biyu, mugun ƙari ne mai yaɗuwa, ko ya zo da wuri, ko irin wanda ba a saba gani ba ne. In ko gwajin Ames (wanda ake yi da ƙwayoyin bakteriya) da sauran gwaje-gwajen ƙwayar gado sun nuna sinadarin yana lalata DNA, to magana ta canja gaba ɗaya, domin a nan ba a cika yarda akwai adadin da ba shi da haɗari ba.

Likitan_dabbobin_gwaji:
A kan ta farkon, amsar a'a ce, 'yar'uwa. Babban ɓera namiji yana da rarar ƙwayoyin maniyyi sosai. Za a iya rage su da kusan kashi 90 cikin 100 ya ci gaba da yi wa mace ciki. Ɗan Adam ba shi da wannan rarar. Don haka ƙidayar cikin da aka samu ita ce ma'auni mafi rauni a duk gwajin. Abin nema a rahoton shi ne nauyin maraina, yawan ƙwayoyin maniyyi, motsinsu da siffarsu, da abin da aka gani a yankakken naman maraina ƙarƙashin madubin likita. Nan ma akwai kuskuren aiki da ake yawan yi: idan aka jiƙa maraina a formalin na yau da kullum, ruwan da ake adana nama a ciki, bututun da ke cikinsu sukan takure su ɓoye lahani, shi ya sa ake amfani da ruwan Bouin ko na Davidson da aka gyara.

Ki kuma tabbatar wane gwaji aka yi. Ƙa'idojin OECD masu lamba 421 da 422 na tantancewa ne kawai, dabbobi kaɗan, lokaci gajere. Lamba 416 mai zuriya biyu ana ba maza sinadarin mako 10 kafin barbara, don ya rufe duk tsawon lokacin da ƙwayar maniyyi take ɗauka kafin ta nuna. Lamba 443, da aka amince da ita a 2011, tana bin 'ya'yan har su balaga. Ana auna tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura a jarirai, a duba ko maza sun riƙe kan nono a kwana na 12 ko 13, a rubuta ranar balagar kowane. Sinadarin da ke danne sinadarin mazantaka, irin wasu nau'o'in phthalate da ake sa wa roba don ta yi laushi, a nan yake tona kansa, alhali iyayen suna haihuwa lafiya lau.

Lahanin ɗan tayi kuwa gwajinsa daban ne, lamba 414. Ana son mata masu ciki kusan 20 a kowane rukuni, a ba su sinadarin daga lokacin da ƙwai ya manne a mahaifa har jajibirin haihuwa, sannan a fede su. Ba a barin su haihu da kansu, domin uwar ɓera takan cinye jariri mai nakasa, hujja ta tafi. A ƙirga wuraren da ƙwai ya manne, da cikin da ya narke, da matattu da rayayyu. A ɓera ana rina ƙasusuwan kusan rabin 'yan tayin da jan rini na Alizarin, sauran a duba kayan ciki. Ana kuma maimaitawa da zomo, darasin thalidomide ke nan, maganin da mata masu ciki suka sha, na farkon shekarun 1960: ɓera bai nuna gajartar gaɓoɓin da aka gani a jarirai ba, zomo ya nuna.

Mai_lissafi:
Bari in ƙara kan abin da Likita ya faɗa. A gwajin ciki, uwa da 'ya'yanta ne ake ƙirgawa a matsayin ɗaya. Nakasassu takwas daga uwa guda ba daidai suke da takwas daga uwaye takwas ba, kuma duk rahoton da ya jera 'yan tayi ɗaya-ɗaya ya kumbura sakamakonsa. A gwajin ciwon daji kuma dole a gyara lissafi saboda mutuwar wuri, da hanyar Peto ko poly-3, tunda dabbar da ta mutu a wata na 10 ba ta sami lokacin yin ƙari ba. Da dabbobi 50 a rukuni, ƙaruwar kashi 1 ko 2 cikin 100 ba za ta ganu ba. Dalilin ba da awo mai yawa ke nan tun farko, ba mugunta ba.

Ɗalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai. To idan an nuna ƙarin hantar na ɓera ne kawai, sai a watsar?

Mai_duba_nama:
Sai an kawo hujjar yadda ya faru, ba a watsarwa da baki. Saccharin, sinadarin zaƙi da ake sa wa a madadin sukari, ya jawo ƙarin mafitsara a manyan ɓeraye maza, daga baya aka gano wasu ƙananan duwatsu ne ke taruwa a fitsarinsu, abin da ba ya faruwa a mutum, shirin NTP na Amurka mai binciken gubar sinadarai ya cire shi daga jerinsa na masu jawo ciwon daji a 2000. Haka d-limonene, sinadarin da ke ɓawon lemo, da ƙodar ɓera namiji, ta hanyar wani furotin da mutum ba ya yi. Amma akwai ɗaya gefen. An ga DBCP, wani maganin tsutsotsin ƙasar gona, yana ƙanƙantar da marainan dabbobi tun 1961, ba a ɗauka da nauyi ba, sai a 1977 aka gano rashin haihuwa a ma'aikatan da ke haɗa shi a Kalifoniya. Ni dai ra'ayina, nauyin kawo hujja yana kan mai cewa na ɓera ne kawai.

A rahoton naki, nemi awo mafi girma da ba a ga wata illa ba a gwajin da ya fi saurin nuna lahani. Shi ake rabawa da 100, wato 10 don bambancin dabba da mutum, 10 don bambancin mutane a tsakaninsu, a fitar da adadin da aka yarda mutum ya sha a rana. Idan kika kawo teburin nauyin dabbobin da na ƙarin hanta rukuni-rukuni, za a iya gane ko awo na sama ya wuce ƙima.