Musayar waƙa: karofi (ramin rini) da waya

Ɗan Karofi:
Salamu alaikum jama'a, jiya wani yaro ya zo mana marina a Ƙofar Mata da waya a hannu wai ya kalli bidiyon minti uku ya gama iya rini, har yana gyara min zubin toka, abin ya tsaya min a rai shi ne na ce bari in ɗan rera, mai amsa ya amsa.

Yaro ka ga rini a cikin wayarka,
Ka ce ka iya, ina shuɗin hannunka?
Baba da toka da kanwa in sun jiƙa,
Hanci ke faɗin sun nuna, ba agogonka.

Mai Data:
Haba Baba, a yi mana adalci mana, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba 😂

Wayar da ka raina ita ta ba ni labari,
1498 aka kafa marinarku a gari,
Da ita ake tallan rawani da sauri,
Buzu ya yi oda daga Agadas tun da wuri.

Ɗan Karofi:
Shekara ka haddace, madalla ɗana,
To kumfar karofi ka san ma'ana?
Kore zane ke fitowa a hannuna,
Iska ke shuɗa shi, zo ka gani da rana.

'Yar Kura:
Wallahi Baba ni shaida ce, bara na bi wani bidiyo na rina shaddata a bokiti, wanki ɗaya ta zuba har ta ɓata min farin mayafi, Inna tana ta min dariya wai jikar marina guda.

Mu a Kura rawani sai ya sha wuya,
Shuni da bugu har ya ɗau walƙiya,
Nauyin mabugi ba ya shiga waya,
Kafaɗa ke koyonsa, ba kallo ɗaya.

Mai Data:
Kai Anti kin gama da ni, baitina ya ƙare. To Baba yaushe zan zo, amma fa zan ɗauki bidiyo.

Ɗan Karofi:
Asabar bayan asuba, ka sako tsohuwar riga, kwasar katsi, wato lakar da ke kwantawa a ƙasan karofi, za ka fara. Wayar kuma ka bar ta a aljihu, karofi na da zurfi, in ta faɗa babu mai shiga ya ɗauko maka.