An ce in dawo bayan sati 12, jiran na mene ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi ɓari sau uku a jere, sai watan jiya jini ya daskare mini a jijiyar ƙafar hagu, ta kumbura kamar za ta fashe. Da aka gwada jinina, takarda ta fito da wani abu wai "lupus anticoagulant". Likita ya ɗora ni kan maganin tsinka jini, ya ce in dawo bayan sati 12 a sake gwaji. Tunda an gani, jiran na mene ne? Kuma ciwon lupus ke nan ya kama ni? Wallahi ko barci ba na yi.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ki lafiya. Sunan nan ya daɗe yana tsorata mutane, alhali da yawan masu shi ba su da lupus, wato ciwon da garkuwar jiki ke far wa fata, gaɓoɓi da sauran sassan jiki. Sojojin garkuwar jiki ne suka ɓata hanya, suna far wa wasu sunadaran jinin mutum. Abin mamaki, a kwalbar gwaji jinkirta daskarewar jini suke yi, a cikin jiki kuma su ke haddasa gudaji. Batun jira kuwa, zazzaɓi ko wata cuta kan tayar da su na ɗan lokaci, sai su ɓace. Shi ya sa sai an same su sau biyu, da tazarar aƙalla sati 12, ake cewa ciwon antifosfolifid ne, wato ciwon da ke jawo gudajin jini da yawan ɓari. Gwajin ma uku ne: wannan naki, da antikadiyolifin, da na beta 2. Ki tabbata masu gwaji sun san maganin da kike sha, domin magungunan tsinka jini irin su wafarin da ribaroksaban suna iya rikita sakamakon gwajin lupus anticoagulant ɗin. Amma kada ki daina sha da kanki!

Wata 'yar'uwa:
Ni ma da ciwon antifosfolifid ɗin nake zaune. Cikina na ƙarshe, allurar hefarin (mai tsinka jini) kullum da ƙaramin asfirin aka ba ni, ga yarinyar nan tana rarrafe. Ki dai faɗa wa likita kafin ki nemi wani cikin, saboda wafarin yana cutar da ɗan tayi.

Wani ɗan'uwa:
In numfashi ya sarƙe miki ko ƙirji ya yi ciwo, kada ki jira sati 12 ɗin, ki tafi asibiti nan take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yanzu na duba takardar, guda ɗaya kawai aka yi mini. Zan tambayi likitan sauran biyun.